Kwalliyar Talaka Na Hannun Kan Iyaka

Mu da ke cin kasuwannin Maraɗi da Jibiya mun san gwanjo ne ke rufa wa talaka asiri ranar Juma'a da Sallah. A da, dilar gwanjo daga tashar Kwatano take shigowa ta Gaya. Bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 aka rufe gadar, kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso. Ga kuɗin mota ya ƙaru, ga naira ta faɗi gaban sefa. Dila ta yi tsada, aljihun mai saye kuwa bai ƙaru ba. Shawararmu: ƙananan 'yan kasuwa su haɗa kuɗi su sari dila tare, su rage riba. Gara ciniki da kaya jibge a rumfa.