Bindigar da Mutum Ya Harhaɗa da Hannunsa a Amurka



A Amurka, mutum yana iya zama a ɗakinsa ya yi odar sassan bindiga ta intanet, a kawo masa har ƙofar gida, ya shiga gareji ya harhaɗa abarsa. Dokar tarayya ba ta hana wanda ya cancanci mallakar makami ya ƙera wa kansa bindiga ba, muddin ba sana'ar sayarwa zai yi da ita ba. A Najeriya kuwa, tun dokar makamai ta 1959, ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne, ko da maƙerin ɗan gado ne. Shi ya sa mai sauraro zai iya mamakin jin cewa a can wannan abin sha'awa ne, har da ƙungiyoyi da mujallu. To, me ke sa mutum ya bar bindigar da kamfani ya gama ƙerawa, ga ta a shago, ya ɗora wa kansa wahala?

Masu yin haka suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Wasu suna cewa wanda ya haɗa abu da hannunsa ya fi kowa sanin cikinsa. In ya lalace, ba sai ya nemi mai gyara ba. Wasu kuma zaɓi suke so. Bindigar AR-15, wadda ta fi kowace doguwar bindiga farin jini a ƙasar, an tsara ta yadda sassan kamfanoni daban-daban ke shiga juna. Maharbin barewa da mai shiga gasar harbi ba abu ɗaya suke nema ba, don haka kowa kan zaɓi bututu da ƙota da kunamar da suka dace da shi. Akwai masu kawo batun araha, amma wannan hujja ba ta da ƙwari sosai, domin in aka lissafa kuɗin kayan aiki, sau da yawa ta shagon ta fi sauƙi. Sai masu kafa hujja da tarihi: gyara na biyu ga kundin tsarin mulkin Amurka, mai kare 'yancin riƙe makami, wanda aka amince da shi a 1791, ya zo ne a zamanin da ƙananan maƙera ke ƙera bindiga ɗaya bayan ɗaya.

Ina son mai sauraro ya lura da wani abu a nan. A tsarin dokar Amurka, ba kowane sashe ake kira bindiga ba. Gangar jikinta, wato inda sauran sassan ke zama, ita ce doka ta ɗauka a matsayin makamin. Dokar 1968 ta wajabta wa kamfani ya buga mata lambar shaida, dillali kuma ya rubuta sunan mai saye. Daga 1998 aka ƙara da binciken gaggawa na hukumar FBI, don a gane ko mai sayen yana cikin waɗanda aka haramta wa riƙe makami. Mutum zai iya sayen wannan gangar jiki mai lamba a wurin dillali, a bincike shi, sannan ya tafi gida ya haɗa sauran yadda ransa ke so. Ya samu ilimin, ya samu zaɓin, ya samu jin daɗin aikin hannu. Lambar ba ta rage masa komai ba.

Hujja ɗaya ce kawai lamba ke kashewa, ita ce ta mai son kada kowa ya san yana da bindiga. A kanta kuma aka gina wata kasuwa sukutum. Kamfanoni suka riƙa sayar da gangar jikin da aka bar mata ɗan aiki kaɗan ba a ƙarasa ba, suna cewa ai wannan roba ce ko ƙarfe, ba makami ba. Babu lamba, babu bincike, babu mai tambayar shekarunka. Kamfanin da ya fi shahara shi ne Polymer80 na jihar Nebada, wanda yakan haɗa duk kayan ƙaramar bindiga a akwati ɗaya. 'Yan sanda suka raɗa wa irin waɗannan makamai suna fatalwar bindiga, domin in an tsince su a inda aka yi kisa, cibiyar bin sawun makamai ta ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, ba ta da abin da za ta bi.

Masu kare wannan ɓoyo ba sa jin kunyarsa. Sukan ce duk gwamnatin da ta san inda makamai suke, wata rana za ta zo karɓa. Sukan nuna Ostareliya, wadda bayan kisan Port Arthur a 1996 ta tilasta wa jama'a sayar mata da bindigogi kusan 650,000. Tsoron yana da asali, ba na musu. Sai dai tun 1986 majalisar dokokin Amurka ta haramta wa gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga, takardun saye suna zama ne a hannun dillalai. Kuma ƙofar da aka buɗe wa mai gudun gwamnati, ita ce ɗan ta'adda da yaro ɗan makaranta suka bi. A Nuwamban 2019, ɗalibi ɗan shekara 16 ya harbe abokan karatunsa biyu har lahira a makarantar Saugus da ke Kalifoniya, da bindigar da aka harhaɗa daga irin waɗannan sassa. A 2017 jami'an tsaro sun miƙa wa ATF irin waɗannan bindigogi kimanin 1,600 don bin sawu. A 2021 adadin ya haura 19,000.

A 2022 gwamnatin Joe Biden ta fitar da ƙa'idar da ta ce akwatin da za a iya mayarwa bindiga cikin sauƙi, bindiga ne, sai a sa masa lamba a binciki mai saye. Aka garzaya kotu a jihar Tekzas, shari'a ta kai har Kotun Ƙoli. A zaman sauraro, Mai Shari'a Samuel Alito ya tambayi lauyar gwamnati ko ƙwai da nama da albasa da tattasai da aka ajiye a kan tebur sun zama wainar ƙwai. Tambayar ta yi armashi, amma kayan miya ana iya dafa abinci iri-iri da su, shi kuwa wannan akwati abu ɗaya tak aka yi shi dominsa. A wani gwajin da ATF ta yi, mutumin da aka ba shi akwatin ya gama haɗa bindiga mai harbi cikin minti 21.

Ranar 26 ga Maris, 2025, kotun ta tabbatar da ƙa'idar da rinjayen alƙalai bakwai, biyu suka ƙi, wato Alito da Clarence Thomas. Wanda ya rubuta hukuncin shi ne Neil Gorsuch, alƙalin da Donald Trump ya naɗa, mutumin da ba wanda zai zarge shi da ƙin masu bindiga. A ganina hukuncin ya yi daidai, kuma bai ƙwace wa mai sha'awar aikin hannu garejinsa ba. Shi kuwa Polymer80 bai jira wannan rana ba. Birane da dama sun kai shi ƙara, ya amince ya biya dala miliyan 5 a shari'ar Los Anjelis kaɗai, ya kuma rufe a 2024.

Amma kada a ɗauka ƙura ta lafa. Ƙa'idar ta shafi mai sayarwa ne, ba wanda ya ƙera wa kansa daga tushe ba. Tun 2013 Cody Wilson ya nuna cewa na'urar ɗab'in 3D za ta iya fitar da bindigar roba mai harbi, kuma masu gabatar da ƙara sun ce makamin da aka kashe Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar UnitedHealthcare, da shi a Niyok a Disamban 2024, da irin wannan na'ura aka ƙera gangar jikinsa. A nan babu dillali, babu akwati, babu wanda za a tilasta wa buga lamba sai mai bindigar kansa. Kalifoniya ta wajabta wa irinsa ya nemi lamba tun 2018, wasu jihohi sun bi sahu, amma akasarin jihohin ƙasar ba su da irin wannan doka.