Daga Bakin Shago: Rama ce a bokitin, ko wiwi?

Makon jiya wata maƙwabciyarmu a Unguwar Hausawa ta New Bell ta tare ni tana murna. "Alhaji, ɗan nan naka ya kama hankali, har noman rama ya fara a ɗakinsa." Na ce madalla, a ɗaki fa, Hajiya? Ta ce eh, ya ɗebo ƙasa daga bayan gida ya cika bokitai uku, ya rataya musu ƙwan lantarki dare da rana, ƙofar kuma kullum a kulle wai saboda kaji. Abin da ya dame ta kawai ƙananan ƙudajen da suka cika gidan.

Ƙudajen nan daga ƙasar suke. Kowa ya san New Bell fadama ce, a Yuli da Agusta ruwan kwata yakan hau har tsakar gida. Ƙasar da ya kwanta a kai tana ɗauke da ƙwan ƙwari da ƙazantar unguwa. In ka zuba ta a bokiti cikin ɗaki marar iska, sai ta daskare ta ƙi tsanewa, ƙwarin su ƙyanƙyashe. Wannan ƙaramar damuwa ce. Babbar ita ce, rama ba ta neman ɗaki. Rana take so, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙara wa kansa kuɗin wuta saboda ganyen kwaɗo ba.

Ban ga laifin Hajiya ba, don ganyen biyu sun yi kama sosai, har sunan rama a wajen masana tsirrai ma daga sunan wiwi aka samo shi. Amma ku duba da kyau. Yatsun ganyen rama a haɗe suke daga gindi kamar tafin hannu, na ƙasa ma sau da yawa ba su rabu ba sam. Jikinta da 'yan ƙayoyi, ganyen da tsami, furenta babba ne, fari-fari mai jan ciki. Na wiwi, wanda ake kira banga a nan Kamaru, kowane yatsa daban yake, siriri, bakinsa kamar zarto, ga wari mai kama tufafi.

Dokar Kamaru mai lamba 97/19 ta ranar 7 ga Agusta 1997 ta hana noman wiwi, kuma bokiti ma gona ne a idon hukuma. Ran da 'yan sanda suka shigo, tambayar farko ita ce ɗakin wa, hayar da sunan wa. Mu da muke zaune da katin zama, ga kaya a Marché Central, ga bashin mutane a kanmu, mun san abin da hakan ke nufi. Kurkukun New Bell kuwa ba sai an yi mana kwatance ba, ta gabansa muke wucewa.

Na ce wa Hajiya kada ta yi kwarmato, kada makwabta su ji. Ta kira mahaifinsa da kawunsa su buɗe ɗakin tare, yaron yana tsaye. In abin da nake zato ne, a tuge a ranar, sannan a zauna a ji wa ya ba shi irin, don da wuya ya zama shi kaɗai ne.

Bokitan dai kada a zubar. A huda gindinsu, a nemo ƙasa daga tudun da ambaliya ba ta kaiwa, a shanya ta a rana kwana biyu-uku, a gauraya da yashi da busasshen kashin awaki, a ajiye su inda rana ke bugawa. Irin rama na gaskiya akwai shi wajen masu kawo kaya daga Garwa da Marwa, ni ma na yi mata alkawarin ƙulli ɗaya.