Keke Daga Fagge Zuwa Fanisau

A ƙasashen Turai, ƙungiyoyin mahaya keke kan yi ayari zuwa tsofaffin ƙauyukan gaɓar teku domin ganin kayan tarihi. Kano ba ta da teku, amma tana da Fagge, zangon da ayarin raƙuman Azbin ke sauke gishiri a da, tana kuma da ƙauyukan da tarihinsu ya isa a taka domin shi. Fanisau, da ke ƙaramar hukumar Ungogo, bayan filin jirgin saman Malam Aminu Kano, na daga cikinsu.

Sarkin Kano Ibrahim Dabo (1819-1846) ya mayar da Fanisau ribaɗi lokacin da yake fama da Ɗan Tunku. A can ne Baturen nan mai yawon buɗe ido, Kilafaton, ya gana da shi a 1824. Gandun sarki da bayi suka noma yana can, da gidan sarki wanda saboda shi ake Hawan Fanisau. Ɗalibin da ya haddace waɗannan a aji zai manta su bayan jarrabawa. Wanda ya taka feda har ya tsaya a ƙofar gidan, ya saurari dattawan garin, da wuya su fita daga ransa.

Don me keke? Hayar mota ita ke kashe yawancin ziyarce-ziyarcen makarantu tun a ofishin shugaban makaranta. Keke kuwa akwai shi a gidaje da dama, masu gyaransa kuma ba su da wuyar samu a Sabon Gari. Bugu da ƙari, mai keke yana ganin inda gine-gine suka cinye gonaki, abin da na cikin mota ba ya lura da shi.

Tsoron iyaye gaskiya ne. Titunan Fagge cike suke da Adaidaita Sahu da manyan motoci, kuma yaro guda ya ji rauni, an rufe maganar ke nan. Saboda haka wajibi ne malami ya nemi izinin iyaye a rubuce, ya duba birki da tayoyi, a tashi da sassafe ranar Asabar, malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ɗalibai mata da iyayensu ba su yarda su hau ba, a tanadar musu mota, kada a bar su a gida. A kuma sanar da dagacin garin tun mako guda kafin tafiya.