Kifin Teku Da Gudun Ruwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon filin nan da ka saba ba ni, domin in yi wa 'yan'uwa masu karatu bayani a kan ajiye kifin teku cikin akwatin gilashi, watau akwatin da ba a sa kome a cikinsa sai kifi da yashi da duwatsu. Mutum yakan kashe kuɗi masu yawa ya sayi kifin, ya auna gishiri daidai, ya ba shi abinci mai kyau, amma duk da haka kifin ya mutu cikin 'yan kwanaki. Sau da yawa abin da ya kashe shi kwanciyar ruwa ce.

Mu a nan mun fi sanin tarwaɗa da gaiwa, su kuwa Allah ya hore musu shaƙar iska daga sarari, shi ya sa sukan rayu cikin kududdufi da taɓo. Kifin teku ba haka yake ba. Ba shi da wata iska sai wadda ta narke cikin ruwa, wadda masana suke kira oksijin, yana tsotsarta da jajayen tsokokin nan na gefen kansa. To, ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 cikin kowace lita, gishiri kuwa yana rage iskar da ruwa yake iya riƙewa. A zafin digiri 25, litar ruwan daɗi takan riƙe miligiram 8 da 'yan kai, ta ruwan teku kuwa ba ta cika 7 ba. In zafi ya ƙaru, iskar sai ta ƙara raguwa, alhali a lokacin ne kifi ya fi bukatarta. Wannan abin lura ne ƙwarai ga mazauna ƙasar zafi irin tamu.

Ta ina iskar take shiga? Ta fuskar ruwa, wurin da ya haɗu da sarari. In ruwa ya kwanta, na sama ne kaɗai zai sami iska, na ƙasa ya rasa. In kuwa yana juyawa, na ƙasa ya hau, na sama ya sauka, kowanne ya sami rabonsa, kuma gurɓatacciyar iskar da kifi ya fitar ta sami hanyar fita.

Amfani na biyu shi ne tsabta. Kifi yana fitar da wani dafi da ake kira amoniya. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune jikin duwatsu da cikin mataci, su ne suke juya amoniya ta zama naitirait, sa'an nan su mai da ita naitiret, wadda cutarta ba ta kai ta farkon ba. Ƙwayoyin nan a manne suke, sai abin da ruwa ya kawo musu, kuma su ma da iska suke aiki. Ruwa ya tsaya, aikinsu ya tsaya. Haka kuma kashin kifi da ragowar abinci, in babu gudun da zai kwashe su zuwa mataci, sai su taru bayan duwatsu su ruɓe.

Tun da daɗewa aka gane wannan. A cikin 1846 wata Baturiya mai suna Anna Thynne ta kawo murjani mai rai daga bakin teku zuwa Landan. Da ta ga ɗauko sabon ruwan teku kullum yana da wuya, sai ta sa a riƙa juye tsohon daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga, wajen rabin sa'a ko fiye, da haka ta raya su shekaru. A cikin 1853 aka buɗe gidan kifi a gandun namun dajin Landan, a cikin 1871 kuma William Lloyd ya shirya na Crystal Palace, inda injin tururi yake zagaya da ruwa daga manyan tankuna na ƙarƙashin ƙasa.

Yanzu ga lissafi. Abin da masu wannan sha'ani suka saba bi shi ne, a akwatin kifi zalla, ruwan duka ya zagaya sau 5 zuwa 10 cikin sa'a guda. Watau akwati mai lita 200 yana bukatar inji mai tura lita 1,000 zuwa 2,000 a sa'a. Masu kiwon murjani sukan kai sau 20 ko fiye, amma mai kifi zalla ba lalle ne ya bi su ba. Sai dai a kula, adadin da aka rubuta a kwalin inji na lokacin da ba ya hawa da ruwa ne. In yana ɗauko shi daga tankin ƙasa ta cikin bututu mai lanƙwasa, ƙarfinsa zai ragu da yawa, saboda haka a sayi wanda ya ɗara bukata kaɗan.

Yawan gudu kaɗai bai isa ba, sai da tsari. Ƙananan injuna biyu masu fuskantar juna sun fi babba guda, domin inda ruwansu ya yi karo sai ya watsu ko'ina kamar na teku, kuma in ɗaya ya lalace ɗayan ya riƙe. A ɗaga bakin ɗaya sama har fuskar ruwa ta riƙa rawa. A bar tazara tsakanin duwatsu da gilashi. A sa raga a bakin da yake zuƙar ruwa, kada ya kama ƙaramin kifi.

Kuma kowane kifi da halinsa. Wanda ake kira tang gwanin iyo ne, yana son ruwa mai ƙarfi. Dokin teku kuwa rarrauna ne, yana son gudu mai laushi da abin da zai naɗe wutsiyarsa a kai. Kada a haɗa su wuri guda.

Yaya mutum zai san ya dace? Ya barbaɗa ɗan abinci ya bi shi da ido, duk inda ya kwanta bai motsa ba, nan ne gudu bai kai ba. In ya ga kifi ya taso sama yana haki, ko wani maiƙo ya rufe fuskar ruwa, ko jan gansakuka ya shimfiɗu bisa yashi, gudu ya yi kaɗan. In kuwa yashi yana tashi, kifi ya ɓuya ya ƙi fitowa, ya yi yawa. A riƙa kwance injin wajen wata-wata ana wanke shi da ruwan khal, domin farar ƙasa takan daskare a kansa.

Saura maganar ɗaukewar lantarki, wadda ta fi kome hatsari, gama cikin 'yan sa'o'i akwati mai kifi da yawa yana iya zama kabari. Rigakafi ya fi magani. A tanadi ƙaramin injin iska mai aiki da batir. In babu, a koma ga dabarar Anna Thynne, a riƙa ɗibar ruwan da moɗa ana kwararo shi daga sama a kai a kai, kuma a dakata da ba da abinci sai wuta ta dawo.

Jama'a, wanda ya raba mai rai da mazauninsa ya tsare shi, ya ɗauki haƙƙinsa a wuyansa. Saboda haka kafin a sayi kifi, a fara tanadin abin da zai motsa masa ruwa dare da rana.

Haza wassalam, sai mako mai zuwa.

Naku,
Akawu Mai Bincike