ALLURAR CIWON DAJI TA MUTUM ƊAYA: WA KE DA HAƘƘINTA?

Akwai wata muhawara da ake yi a ofisoshin gwamnatocin Turai da Amurka, wadda ko da yake ba a cika jin ta a bakin jama'a ba, ƙarshenta zai shafi kowane gida da ciwon daji ya taɓa shiga. Maganar kuwa ta wata sabuwar allura ce da likitoci suke gwadawa, wadda ake haɗa wa kowane majiyyaci tasa shi kaɗai. Kamfanonin da suka kashe dukiya wajen ƙago ta suna neman a ba su takardar haƙƙin ƙirƙira, watau takardar da za ta hana kowa yin irin aikinsu sai da izininsu. Su kuwa ma'aikatan da aka ɗora wa duba takardun neman, sun tarar dokar da ke hannunsu an tsara ta ne domin maganin da ake bugawa dubu dubu iri ɗaya.

Abin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 20 suka kamu da ciwon daji, kuma ya yi ajalin wajen miliyan 9.7. Saboda haka duk hukuncin da zai sa sabon magani ya yi araha ko ya yi tsada ya cancanci masu karatu su san yadda ake yanke shi.

Yadda Allurar Take

Da farko ya kamata a gane wannan allura ba irin lambar da ake yi wa yara ba ce don kada su kamu da cuta. Ita sai cuta ta riga ta kama mutum ake yi masa. Asalin ciwon daji shi ne ƙwayoyin jikin mutum su lalace, rubutun gado da ke cikinsu ya sami kurakurai, su yi ta hayayyafa ba tsayawa har su zama ƙari. Kurakuran nan sukan sa ƙwayar ta fito da waɗansu alamu a jikinta waɗanda lafiyayyar ƙwaya ba ta da su. To, alamun wane dabam ne da na wane, ko da sunan ciwonsu ɗaya.

Likita yakan yanke ƙarin, a aika da shi da ɗan jinin majiyyaci ɗakin bincike. Can sai a karanta rubutun gado na ƙarin, a gwada shi da na jinin, a fitar da kurakuran. Daga nan kwamfuta ta yi lissafi ta zaɓi alamun da ake tsammani garkuwar jiki za ta fi saurin ganewa. Sai a rubuta su cikin wani saƙo wanda masana ke kira mRNA, a naɗe shi cikin ɗigon maiƙo, a yi wa mutum allura, jikinsa ya koyi farautar duk ƙwayar da ke ɗauke da alamun nan. Aikin yakan ɗauki makonni, kuma allurar da aka haɗa ba ta da amfani ga kowa sai mai ita.

An ba da rahoton gwajin irin wannan a kan mutane a 2017, daga Jamus da kuma Boston ta Amurka. A Disamba 2022 kamfanonin Moderna da Merck suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da mutum 157 masu mugun ciwon dajin fata waɗanda aka riga aka yi wa aiki. Allurar tasu tana iya ɗaukar alamu har 34, kuma da aka haɗa ta da maganin Keytruda, hatsarin dawowar ciwon ko mutuwa ya ragu da kashi 44 cikin 100 a kan na waɗanda aka ba Keytruda kaɗai. A 2023 aka shiga babban gwaji na mataki na uku. A shekarar nan kuma wani asibitin ciwon daji na birnin New York ya ba da labarin mutum 16 da aka yi wa allurar kamfanin BioNTech na Jamus, jikin 8 daga cikinsu ya amsa. Gwamnatin Ingila ma ta ƙulla yarjejeniya da BioNTech a 2023 da nufin mutum har 10,000 su sami irin wannan magani kafin ƙarshen 2030.

Cinikin Da Ke Cikin Takardar

Takardar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙira da jama'a, kuma tsohon ciniki ne. Birnin Benis na Italiya ya yi dokarsa a 1474, Ingila ta yi tata a 1624 da wa'adin shekara 14. Tun 1995 kuwa ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince da shekara 20 daga ranar da aka shigar da takardar nema. Gwamnati takan ce wa mai ƙira, ka ci ribar abinka kai kaɗai har wa'adi ya cika, amma ka rubuta yadda ake yin sa dalla dalla, a buga kowa ya karanta, domin in wa'adi ya ƙare ilmin ya zama na kowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mai duba takardar yana da tambayoyi huɗu. Abin sabo ne? Wanda ya san sana'ar zai iya gano shi da kansa ba wahala? Yana da amfani a aikace? Kuma bayanin da aka rubuta ya isa wani gwani ya bi shi ya yi abin ba tare da lalube ba? Duk akawun da ya taɓa riƙe rajistar filaye zai gane aikin nan, gama ƙarshen kowace takardar nema akwai jerin da'awa, su ne iyakokin gonar da mai nema yake so a yanka masa. Aikin mai duba shi ne ya tabbata ba a yanka wa mutum gonar da ta fi wadda ya share ba.

Inda Gizo Ke Saƙa

Ga ƙwayar magani ta kullum aikin da sauƙi. Sinadari ɗaya ne, a rubuta sunansa da siffarsa, iyaka ta fito. Amma allurar mutum ɗaya kamar rigar da tela ya ɗinka bisa awo take. Ba ma'ana a nemi haƙƙi a kan rigar wane, tun da ba wanda zai sake sa ta, kuma kafin ofis ya gama duba takarda, aikin da yakan ɗauki shekaru, an daɗe da yin allurar. Saboda haka kamfanoni sukan nemi haƙƙi a kan hanyar awo da ɗinki: yadda ake karanta ƙari, yadda ake zaɓen alamu, yadda ake jera su cikin saƙo, da maiƙon da ake naɗe shi.

Nan ne matsala ta farko ta taso, ita ce ta raba abin da mutum ya ƙago da abin da ya tarar a halitta. A 2012, cikin shari'ar Mayo da Prometheus, Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce gano dangantaka tsakanin abin da aka auna a jini da yawan maganin da ya dace gano ƙa'idar halitta ne, ba a mallakarsa. A 2013, cikin shari'ar kamfanin Myriad, wanda ya riƙe haƙƙi a kan ƙwayoyin gado biyu masu alaƙa da ciwon dajin nono, kotun ta ce ciro rubutun gado daga jiki bai mai da shi ƙirar mutum ba, amma wanda aka haɗa a ɗakin bincike da siffar da ba ta cikin halitta ana iya mallakarsa. A 2014 kuma, a shari'ar Alice, ta ce lissafi zalla bai zama ƙira ba don kawai an sa kwamfuta ta yi shi. To, alamun ƙari halitta ce, zaɓensu kuwa lissafi ne. Ashe ke nan ginshiƙai biyu na wannan allura suna tsaye a gefen iyakar doka.

Lauyoyi sun sami mafita a Amurka. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar kamfanin Vanda, ta yarda da da'awar da ta fara da gwajin gado ta ƙare da ba majiyyaci magani. Amma a Turai ƙofar nan a rufe take. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Munik a 1973, wadda Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai yake aiki da ita, ta hana ba da haƙƙi a kan hanyar yi wa mutum magani, don kada a ɗaure hannun likita, sai dai a kan abin da ake yin maganin da shi. Ƙira ɗaya ke nan, amma sai an rubuta ta iri biyu. Har ila yau dokar Ingila ta 1977 ta ce mai haɗa magani da ya haɗa wa mutum ɗaya magani bisa takardar likita bai keta haƙƙin kowa ba. An yi sashen nan ne da tunanin ɗan kantin magani, kuma in asibitoci suka fara haɗa allurar da kansu, lalle za a yi jayayya a kan iyakarsa.

Matsala ta biyu ita ce faɗin gona. Kamfanin da ya gwada hanyarsa a kan ciwon fata zai so da'awarsa ta haɗa kowane ciwon daji da kowace irin alama. A Mayu 2023 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yi magana a kan irin wannan a shari'ar Amgen da Sanofi. Amgen ya bayyana siffar sinadaran garkuwa 26 masu rage kitsen jini, amma ya yi da'awar duk wani sinadari mai irin aikinsu, wanda adadinsu zai iya kai miliyoyi. Alƙalai duka tara suka soke da'awar, bisa hujjar cewa gwargwadon faɗin abin da mutum ya nema, gwargwadon abin da ya wajaba ya koyar. A Turai kuma, a Maris 2023, babban zauren ƙararraki na ofishin ya yanke cewa ana iya kawo hujjar gwaji daga baya, amma sai in amfanin da ake faɗi yana cikin abin da takardar farko ta koyar. Manufar duka biyu ɗaya ce, kada ofis ya yi cinikin biri a sama.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wani zai ce ina ruwanmu da shari'ar Turawa. Ruwanmu shi ne kuɗi. A 2010 Amurka ta yarda da Provenge, maganin ciwon dajin mafitsara na maza wanda ake haɗawa da ƙwayoyin jinin majiyyaci, aka sa masa dala 93,000, duk da haka kamfanin ya karye a 2014. Maganin mutum ɗaya yana da tsada tun kafin a ɗora masa kuɗin haƙƙi. Kuɗin haƙƙin kuwa ba na mutum ɗaya ba ne. Dabarar gyara saƙon mRNA da Katalin Kariko da Drew Weissman suka bayyana a 2005, wadda ta ba su kyautar Nobel a 2023, jami'ar Pennsylvania ta yi mata takarda. A 2022 Moderna ya kai ƙarar Pfizer da BioNTech a kan allurar korona, shi ma waɗansu kamfanoni suka kai shi ƙara a kan ɗigon maiƙo. Kowace takarda shinge ce da sabon mai shiga sana'ar zai biya kafin ya wuce.

Masu karatu za su tuna da maganin ƙanjamau, wanda ya haura dala 10,000 a shekara, har kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da irinsa dala 350 a 2001, kuma a Nuwamba na shekarar taron Doha ya tabbatar wa ƙasashe ikon ba da lasisin dole saboda lafiyar jama'a. Wancan ya yiwu ne domin gwanin haɗa magani yana iya ɗaukar ƙwaya ya warware abin da ke cikinta ya yi irinta. A nan kuwa ba abin da za a kwaikwaya, gama allurar wane ba za ta nuna yadda aka zaɓi alamunta ba. In kamfani ya karɓi takarda mai faɗi, ya kuma ɓoye ainihin lissafin a matsayin sirrin sana'a, to ya ci riba biyu: shekara 20 ba abokin gasa, kuma ranar da wa'adi ya ƙare jama'a su tashi hannu banza. Lasisin dole ba zai fitar da ilmin da ba a rubuta ba.

A Nijeriya, bisa dokar 1970, magatakarda yakan duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, sai in an yi ƙara kotu ta duba. Saboda haka tankaɗe da rairayar da manyan ofisoshin ƙasashen waje suke yi ya zama abin dogaro har ga waɗanda suke nesa da su.

Ra'ayinmu

Ba mu ga daidai ba ne a hana masu ƙira haƙƙinsu. Gwajin magani yana cin dukiya mai yawa, da dama kuma ba sa kai labari, in ba a tsare wa mutum riba ba ba zai zuba kuɗinsa ba. Amma tun da a nan hanyar yin magani ita ce dukan dukiyar, wajibi ne mai duba ya tsananta a kan tambaya ta huɗu. Ya nemi a rubuta yadda ake zaɓen alamu har wani ɗakin bincike ya iya bi ya sami irin sakamakon. Ya tsai da iyaka a kan irin ciwon da irin hanyar da aka kawo wa hujja. Ya bar alamun ƙari da kansu a matsayin abin da ba na kowa ba, domin daga jikin majiyyaci suka fito.

In aka yi haka, kamfani zai ci ribarsa, jami'o'i da asibitoci za su sami filin gwada waɗansu hanyoyi, kuma yaran da malamanmu suke koya wa kimiyya a yau za su tarar da ilmin a rubuce lokacin da wa'adi ya cika. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon tsare ta.