Yadda Masu Kwamfutar Farko Suka Ƙara Mata Rumbu da Araha

A wannan wata za mu waiwayi zamanin da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane a ƙasashen Turai da Amurka, mu ga yadda magidanta masu ƙaramin ƙarfi suka yi da ita. Kowace kwamfuta tana da wurin da take riƙe aikin da ke hannunta, mu kira shi rumbu. Ana auna shi da K, kuma K ɗaya yana ɗaukar haruffa 1,024.

A 1981 kamfanin Sinclair na Ingila ya fito da ZX81, kuɗinta kusan Fam 70. Rumbunta K ɗaya ne tak. In rubutu ya cika fuskar talabijin ɗin da aka haɗa ta da shi, to ya cinye kashi uku cikin huɗu na rumbun ke nan. Saboda haka kamfanin ya sayar da wani ɗan akwati mai 16K, kusan Fam 50, ana soka shi a bayanta. Akwatin ba ya zama daram. Yaro ya yi awa biyu yana buga aiki, wani ya ture tebur, akwatin ya motsa, duk aikin ya tafi. Maganin da jama'a suka samo shi ne danƙon Blu-Tack, na manna takarda a bango. Da shi suka riƙa tallafe akwatin.

Dabarar da ta fi ba mu sha'awa ita ce ta ZX Spectrum, wadda ta fito a 1982, mai 16K a kan Fam 125, mai 48K a kan Fam 175. Rumbu dai waɗansu ƴan ƙwayoyi ne baƙaƙe masu ƙafafu jere kamar shanshani. A masana'anta akan sami ƙwayoyi masu yawa da suka fito da aibi a rabi ɗaya, ɗaya rabin kuwa lafiya lau. Maimakon a zubar, sai aka sayar da su da arha a matsayin masu rabin girma, Sinclair kuma ya saya. Guda takwas suna ba da ƙarin 32K. Sharaɗin shi ne duka takwas ɗin su zama masu lafiya a rabi iri ɗaya, sa'an nan a haɗa wata ƴar waya da za ta nuna wa injin rabin da zai yi aiki da shi. Wanda ya sayi mai 16K yana iya aikawa a kawo masa ƙwayoyin ta gidan waya, ya buɗe injin ya dasa su da kansa. A ganinmu wannan ciniki ne mai kyau, gama mai saye bai rasa kome ba.

Na Macintosh ya fi haɗari. Kamfanin Apple ya fito da ita a 1984 a kan Dala 2,495, rumbunta 128K, ƙwayoyin kuma an liƙe su da dalma. Wanda ke son 512K sai ya biya kamfanin Dala 995. A Janairun 1985 mujallar Dr. Dobb's Journal ta bayyana yadda mutum zai yi aikin a gida: ya narke dalma ya cire ƙwayoyi 16, kowace da ƙafa 16, ya sa manya a madadinsu, ya ƙara wani ɗan haɗi. Duk wanda ya taɓa zama wurin mai gyaran rediyo ya san ƙarfe mai zafi ba ya jiran hannun da ke rawa. Ƙafa 256 ke nan za a cire, kuskure ɗaya ya isa ya lalata allon, kamfanin kuwa ya janye garantinsa ga duk injin da aka taɓa haka. Shi ya sa da yawa suka kai nasu wurin ƙananan shaguna da suka ƙware a aikin, suka biya ƙasa da kuɗin kamfani.