Allo Ɗaya Ya Wadatar, In An Yi Masa Shiri

Akwai wata al'ada da muke gani a ofisoshi da makarantu, wadda ya kamata mu yi magana a kanta tun ba ta jawo hasara ba. Duk wanda ya leƙa ɗakin da ake ajiye manyan kwamfutocin nan da ake kira sabar, watau waɗanda ke riƙe da lissafin albashi da na haraji da sunayen ɗalibai, zai tarar da ɗayan abu biyu. Ko dai an saya wa kowace sabar allonta, alluna huɗu ko biyar a jere sun yi ƙura, ba mai dubansu sai sau ɗaya a wata; ko kuwa allo ɗaya ne tak, ma'aikaci yana durƙusawa bayan injuna yana zare waya daga wannan yana cusa wa waccan. Na farko almubazzaranci ne da kuɗin jama'a. Na biyu kuwa ganganci ne, gama ƙafafun waya sirara ne, yawan zarewa da cusawa yana lanƙwasa su.

Maganin abin ba sabo ba ne. Akwai wani ɗan akwati da ake kira KVM, wanda ake haɗa masa allo ɗaya da madannai ɗaya da linzami ɗaya, sa'an nan a ja waya daga gare shi zuwa kowace sabar. Akwai mai ɗaukar biyu, da mai huɗu, da mai takwas, har da mai goma sha shida. In ma'aikaci ya danna lamba uku, sai sabar ta uku ta bayyana a gabansa. Bisa ga ra'ayinmu, duk ofishin da ke da sabar fiye da ɗaya wannan akwati ya dace da shi. Amma fa akwai wani tarko a ciki, wanda da yawa ba su san da shi ba sai ranar da ya kama su.

Ga yadda abin yake. Allo ba ya karɓar hoto kurum, yana kuma magana da kwamfuta. Tun 1994 ƙungiyar masu ƙera kayan nan da ake kira VESA ta tsara cewa kowane allo ya riƙe wani ɗan bayani game da kansa, mai suna EDID, wanda asalinsa bayit 128 ne kacal. A ciki akwai sunan maƙerinsa da girmansa da irin hoton da zai iya ɗauka. Tamkar takardar shaida ce da baƙo ke miƙawa a bakin ƙofa. Bayan wannan kuma, a wayar HDMI, wadda ta fito a 2002, ƙafa ta 19 aikinta ke nan ta sanar da kwamfuta cewa an haɗa allo. In kwamfuta ta ji wannan sanarwa ta karanta takardar, sai ta aiko da hoto. In ba ta ji ba, sai ta ɗauka ba kowa, ta kashe mafitar hoton.

To, akwatin KVM mai araha, in aka juya shi daga sabar ta ɗaya zuwa ta biyu, yanke wayar ta ɗaya yake yi gaba ɗaya. A wurin wannan sabar, daidai yake da an zare allo an tafi da shi. Wani lokaci abin ya tsaya ga ɗan ɓacin rai: a dawo a tarar hoto ya canja girma, ko tagogin Windows sun tattaru wuri guda, abin da ya fi faruwa da wayar DisplayPort. Amma babbar matsalar tana ga lokacin tashi. Akwai injuna da dama da in sun tashi ba su ga allo ba, ba za su ba da hoto ba ko da an haɗa shi daga baya. Tsofaffin samfurin ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi sanannu ne da wannan hali.

Mu a nan ƙasar abin ya fi shafarmu, saboda yawan ɗaukewar wuta. Wuta ta dawo da tsakar dare, sabar huɗu su tashi tare, akwati kuwa yana kan lamba ɗaya. Ɗaya ce kaɗai za ta ga allo. Da safe ɗaya cikin sauran ta ƙi aiki, ma'aikaci ya danna lambarta don ya ga abin da ke damunta, sai ya ga baƙi ƙirin. Me ya rage masa? Sai ya kashe ta da ƙarfi ya sake kunnawa, alhali wataƙila tana cikin gyaran bayanan da yankewar wuta ta taɓa. Ta haka lissafin wata guda ke salwanta. Malamai kuma su tuna, tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB baki ɗaya, makarantu da yawa kuma sun bi sahu a tasu jarrabawar. Safiyar da yara ke zaune suna jira ba lokacin lalube a duhu ba ne.

Abin da muke ba da shawara uku ne. Na farko, in za a sayi akwati, a tambayi ɗan kasuwa ƙarara ko yana kwaikwayon EDID a kowace ƙofa, watau yana riƙe takardar allon yana nuna wa kowace sabar ko da ba ita ake kallo ba. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado. Na biyu, in an riga an sayi mai arahar, kada a yar da shi. Akwai wani ɗan filogi da bai wuce yatsa ba, wanda ke yi wa kwamfuta shigar allo. Sai dai a lura, iri biyu ne. Mai baki ɗaya toshe ƙofar yake yi, ya dace da sabar da ba za a haɗa mata allo ba sam. Wanda ake bukata a nan shi ne mai baki biyu, wanda ke zama tsakanin sabar da wayar akwati. A kuma tabbata girman hoton da yake faɗa bai fi ƙarfin allon ofis ba, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba. Na uku, injunan da ke aiki da Linux ana iya umartarsu tun daga tashi su bar mafitar hoto a kunne ko da ba su ga allo ba, wannan kuwa ko kwabo ba ya ci.

Mun san wasu gwanaye za su ce duk wannan wahala ce, tun da ana shiga sabar daga nesa ta hanyar sadarwa. Suna da gaskiya a ranakun lafiya. Haka kuma manyan sabar na kamfanoni irin su Dell da HP suna zuwa da wani sashe na musamman da ke nuna hotonsu daga nesa tun daga tashi. Amma ofisoshinmu nawa ke da irinsu? Galibi kwamfutar tebur ce aka ɗora wa aikin sabar. Ranar da hanyar sadarwar kanta ta yanke, ko inji ya tsaya tun bai kai gare ta ba, allo ne kaɗai ƙofar da ta rage.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ofisoshi da na makarantu su sa a yi gwaji. A zaɓi ranar da ba aiki, a kashe sabar duka bisa ƙa'ida, a bar akwati kan lamba ɗaya, a kunna su tare, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙi nuna hoto a yi mata magani nan take, a kuma manna wa kowace waya lambarta, don akawun da zai gaji kujerar gobe. Aikin bai fi sa'a guda ba, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka damƙa mana.